Intanet na Aro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Direban da ke kawo mana kaya ne zai miƙa maka wannan takarda, don ka san halin waya a nan: sai mutum ya hau tudun bayan makaranta ya ɗaga hannu sama kafin ta kama.

Yaya, alfarma nake nema. Ranar Laraba baƙi za su zo daga ofishin ilimi su duba makarantarmu. Ka tuna gasar da ta kawo mu birni? Aka ce kowane yaro ya nemo amsa a intanet. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a wurinmu ta zauna tana kallon kwamfuta har lokaci ya cika. Na ji wata malama tana cewa, "Allah sarki, 'yan ƙauye." Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ba zan iya jure irin wannan kallon a makarantar da nake shugabanta ba.

Ka aro mini kwamfuta biyu daga ɗakin da kake koyarwa, ka zuba darussa a ciki yadda za su buɗe ko babu sabis. Rufin asiri kawai.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta, shugabar makaranta da kanta,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, Antinki na gaishe ki. Ke dai tun kina ƙarama ba kya son a ga gazawarki. Takalminki ya tsinke, sai ki ce ba kya jin fita.

Ga kwamfutocin nan cikin bargo. Na cika su da shafuka, har da bidiyon yadda zuciya ke harba jini. Kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya danna abin da ban zuba ba, asiri zai tonu. A nan yaranmu ƙwallo suke kallo da intanet ɗin da zarar na juya baya, ke kuma kina neman na aro. Su dawo lafiya, in ba so kike a kore ni ba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Na fitar da karyayyun kujeru daga ɗakin ajiya, na share, na rubuta "Ɗakin Kwamfuta" a ƙofa. Mai shagon caji ya ba mu aron janareta. Yara kuma na koya musu abin da za su ce.

Babban baƙon ya tambayi yarinyar nan ta gasa, "Kuna shiga intanet?"

Ta ce, "Kullum, ranka ya daɗe."

Ba ta dube ni ba, ni ma ban iya duban ta ba. Baƙon ya jinjina kai ya ce ashe mun yi nisa. Mai gadi ya fara ba su labarin tudun da muke hawa neman sabis, na yi maza na aike shi ɗebo ruwa. An yaba mana sosai.

Ga kayanka nan, na gode.
Auta

*

Auta,

Salam. Yau babu wasa a bakina. Na haɗu da abokina da ke ofishin ilimi. Ashe baƙin nan makarantun da ba su da intanet suke tantancewa, don a kafa musu faranti mai kamowa daga sama, da sola. Taki ce ta farko da aka yi niyya. Da suka dawo suka ce kuna da shi, sai aka mayar da naku makarantar da ke gaba da ku.

Har yabon ki yake yi, wai ƙanwata jaruma ce. Na tsaya ina murmushi kamar wawa. Na tambaye shi ko akwai wani zagayen, ya ce ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba. Garin neman gira mun rasa ido, kuma da hannuna a ciki. In kin ce mu je mu faɗi gaskiya, zan raka ki, ko da aikina zai taɓu.

Allah ya ba mu mafita.
Yayanki

*

Yaya,

Na ga takardarka. Jiya motar ofishin ilimi ta bi ta ƙofar makarantarmu da farantin a ɗaure a baya. Yara suka fito da gudu suna tafi, sun ɗauka namu ne. Ba ta tsaya ba.

Na tara su na gaya musu dalili. Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu.

"Malama, ku yi haƙuri. Ni ce na ce kullum."

Na ce mata a'a, ni na sa mata maganar a baki. Ban ga alamar ta yarda ba.

Ina zuwa Litinin. Ka raka ni ƙofar ofishin kawai, ni zan shiga.

Wassalam.
Auta