Harafi Ɗaya a Ƙarshen Kalma

Longreach, 4 ga Maris

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Mu nan lafiya, in dai ta jiki ake nufi.

Kin tuna Adrian, wanda matata Noelene ta yi kwaleji da shi, mai hannu kamar bai taɓa ɗaga guduma ba? Yanzu shugaban wata makaranta ne a Toowoomba, ya rubuto mata wai ta je ta koyar musu zango ɗaya. Jiya na tarar da amsarta a tebur. Ban karanta ba, idona ne ya faɗa kan layi ɗaya kafin ta shigo: sunana, kusa da shi kalmar Turancin nan, loath. Aji uku na yi a sakandare, amma na san ƙiyayya idan na gan ta a rubuce.

Da injin aro na fara haƙa rijiya, yau motoci uku ke ɗauke da sunana. Shekara ashirin da shida da aurenmu, sai ga shi wurin wani mai alli ake kai ƙarata. Ban ce mata komai ba, abincin ma ban ci ba.

Ƙaninki,
Lyle

Longreach, 19 ga Maris

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Wasiƙarki ta iso, har da "sakarai" ɗin da kika ja wa layi biyu. Ƙamus ɗin da kika ce in duba, sai da na je Barcaldine na saya, don kada a gan ni da shi a garin nan.

Gaskiyarki. Mai "e" a ƙarshe, wato loathe, ita ce ƙiyayya. Tata ba ta da shi, nufinta mutum ransa bai so ba, yana jan ƙafa. Ashe cewa ta yi ba ta son ta bar ni. Da na faɗa mata, dariya ta yi har da hawaye, wai ni da nake gano ruwa a zurfin ƙafa dubu, harafi ɗaya ya gagare ni.

Amma Yaya, misalin da ƙamus ya bayar ya tsaya mini a rai: "ransa bai so tafiya ba, amma ya tafi." Kin ga kalmar ba ta rufe ƙofa ba. Kuma me ya sa Adrian ne ke samun irin waɗannan kalmomi? Ni nawa rabon "shayinka ya huce" ne.

Naki,
Lyle

Longreach, 12 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Noelene ta tafi. Ni na kai ta tashar jirgin ƙasa, don ba za a ce Lyle ya ɗaure mace da igiya ba. Na cusa mata takarda a jaka, layi ɗaya, da kalmarta: raina bai so ki tafi ba. In Adrian ya iya, ni ma na iya.

Da ta sauka ta bugo waya. Ta ce, "Tsohona, ka sa 'e' ɗin." Ashe ta ƙiyayyar na rubuta mata. Ta ce in kwantar da hankalina, ta gane, kuma tikitinta na zuwa da dawowa ne.

Abu ɗaya na roƙe ta: kada ta nuna wa Adrian.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Lyle