Kwanan Balkisu Iri Biyu Ne

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita,
Shugaban asibitin da mu mutanen bakin kogi muke zuwa,
Ƙasar Bagudo, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta. Na zo ofishinka ban same ka ba, na bar saƙo ban ji amsa ba. Shi ya sa na rubuta a fili.

Sunana Nasiru. Ban daɗe da gama digiri a fannin kimiyyar halittu ba, ina gida a wani ƙauye cikin gundumar Kaoje ina jiran kiran bautar ƙasa. Ni ba likita ba ne, kuma ba zan yi kamar ni likita ne ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce gaya mini aka yi. Maganata a kan Balkisu ce, 'yar yayana Mamman masunci da matarsa Hajara. Shekararta biyar, kuma ina tsoron kada mu rasa ta kafin ruwan bana ya janye.

Na farko, ciwon kansa. Tun tana goye abin ya soma. Sai idanunta su riƙa rawa, hannu da ƙafar dama su saki kamar tsumma. Wani zuwan kuma hagu ne zai saki, dama ta zauna lafiya. Wanka da ruwan sanyi yana tayar da shi, hayaniyar suna ko biki ma haka. Idan ta samu barci sai ta farka da gaɓoɓinta suna aiki. Masu bin diddigin shan inna sun zo sun ɗauki bayan gidanta, aka ce ba shi ba ne, daga nan ba mu sake ganin su ba. Maƙwabta kuwa sun yanke hukunci tuntuni: yarinyar da ruwa ke kayarwa, 'yar masunci, ai iskar ruwa ce.

Na biyu, wata kalma guda da ta ci mana shekaru. Ranka ya daɗe, ka san a Hausarmu ta nan, barci shi ne kwana. Idan muka ce yaro yana kwana, barci yake yi, ko da tsakar rana ce. Farkon kai Balkisu asibitinka, Hajara ta ce wa ma'aikacin da ya duba ta, “In ta yi kwana sai ta warke.” Shi baƙo ne, Hausar Kano ya iya. Ya ɗauka tana nufin sai an kwana an tashi ciwon ke tafiya. Ya rubuta farfaɗiya a katinta, kowa ya zo bayansa ya bi abin da ya tarar. Ban ga laifinsa ba, ita ma ban ga nata ba. Sai da muka kai ta asibitin koyarwa a birni, wata likitar ƙwaƙwalwar yara ta tsayar da Hajara ta ce, barci kike nufi, ko wayewar gari? Hajara ta ce ko ɗan gyangyaɗi yarinyar ta yi a bayanta, ya isa. A nan na ga likitar ta ajiye biro ta gyara zama.

Na uku, abin da aka gano. An ɗebi jininta aka tura waje, muka jira har muka fid da rai, sannan sakamako ya zo. Likitar ta ce ciwo ne da ba a cika samunsa ba, shanyewar ɓarin jiki mai sauya gefe, kuma tushensa wani ɗan canji ne a ƙwayar halitta guda. Ta ce galibi a jikin yaron canjin yake farawa, ba daga uwa ba, ba daga uba ba. Na rubuta wannan da gangan, domin akwai danginmu da suka daɗe suna cewa daga gidan su Hajara aka kwaso shi.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Likitar ta ce wannan ƙwayar halitta ba a ƙwaƙwalwa kaɗai take aiki ba, har da zuciya. Irin canjin da aka samu a jikin Balkisu yana cikin waɗanda aka ga bugun zuciya yana rikicewa a tare da su: ko ya yi jinkiri ƙwarai, ko ya hargitse, yaro ya sume, wani ma ba ya tashi. Ba ta ce lallai zai same ta ba. Ta ce a riƙa yi mata gwajin bugun zuciya da na'urar nan da kuke kira ECG, musamman duk ranar da ta sume, kuma kada a ba ta sabon magani sai an tambaya, don wasu magunguna suna taɓa bugun zuciya. Ta rubuta duk wannan ta ba mu.

Na huɗu, abin da na gani da idona. Bayan girbin shinkafar rani, wata rana da hantsi, Hajara ta yi wa Balkisu wanka a bayan ɗaki. Ciwon ya taso ta hagu kamar yadda ya saba. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina jin kukanta. Sai kukan ya yanke lokaci guda, ba irin yankewar mai gyangyaɗi ba. Hajara ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, “Alhamdu lillahi, ta yi kwana.” Ta shimfiɗa ta a tabarma, ta lulluɓe ta da zane, ta juya za ta koma kan tukunya. Haka ta saba yi shekara da shekaru, kuma kullum daidai ne.

Na tashi na yaye zanen. Leɓunanta sun yi duhu. Na kira sunanta, na girgiza ta, ba ta motsa ba. Na ɗora kunnena a ƙirjinta. Bugun yana nan, amma tsakanin ɗaya da ɗaya sai na ji shiru mai tsawo har in ɗauka ba zai dawo ba. Ba ni da agogo a hannu, ba zan ba ka lissafin da ban yi ba. Na dai san bugun zuciyarta idan tana barci, don na sha saurara tun da muka dawo daga birni, kuma wannan ba shi ba ne. Hajara tana ta ce mini, “Bar ta, Nasiru, kada ka tashe ta, kwanan shi na maganin.” Na sungumi yarinyar na yi waje.

Na biyar, abin da muka tarar a asibitinka. Muka hau babur, ni da Hajara, yarinyar a tsakaninmu. Kafin mu iso ta buɗe ido, har tana neman ruwa. Na nuna wa ma'aikaciyar da ke bakin aiki takardar likitar birni, na roƙi a yi gwajin zuciya yanzu, tun abin bai wuce ba. Ta dubi Balkisu ta ce, “Ga ta nan tana kallona, wace zuciya kuma? Ku 'yan boko da kun gama makaranta sai ku zo ku koya mana aiki.” Na ce ba koya mata na zo yi ba. Ta ce na'urar ta manya ce, ta masu hawan jini. Wani ya ce takardar da take bugawa ta ƙare. Wani ya ce mai mabuɗin ɗakin ya tafi Lolo cin kasuwa. Ban san wanne ne gaskiya ba. Na leƙa ta taga na ga na'urar a kan tebur an rufe ta da ƙyalle. Aka sake rubuta farfaɗiya, aka so a yi mata allura, na ƙi saboda gargaɗin da aka yi mana, aka ce in ba mu yarda da aikinsu ba mu kama hanya. Muka kama hanya.

Da na kira likitar birni na gaya mata, ta ce abin da take buƙata shi ne zanen bugun zuciyar na wannan rana, kuma ya wuce.

Ranka ya daɗe, ga halin da muke ciki yanzu. Kakar yarinyar, mahaifiyarmu, ta sayo wani maganin zazzaɓi na ruwa a kasuwar Lolo, wanda aka shigo da shi daga Benin, rubutun jikinsa duk Faransanci ne. Babu mai karanta shi a gidanmu, har ni. A bakin cokali na tare shi. Ta ce na raina ta, har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yayana Mamman ya fara sauraron masu cewa a tsallaka da ita Benin wurin wani mai maganin iskokin ruwa, kuma an ce jiƙo yake ba yara su sha. Da na hana, sai ya ce, “To asibitin naku mi ya yi muna?” Damina kuma ta kusa. Ka san idan kogi ya cika, hanyarmu takan yanke, sai kwalekwale, kuma kwalekwale ba ya gudu don yaro ya suma.

Saboda haka ina roƙonka waɗannan abubuwa, don Allah.

A buɗe ɗakin nan, a samo takardar na'urar, a bar mabuɗin a hannun wanda ke bakin aiki, ranar kasuwa ko ba ranar kasuwa ba. Likitar birni ta tabbatar mini cewa na'urar tana auna yara, kuma ta yarda a ɗauki hoton zanen da waya a tura mata ta duba.

A gyara abin da ke katin Balkisu, a rubuta sunan ciwon na gaskiya da gargaɗin magani a inda kowa zai gani, don kada rayuwarta ta dogara ga ko ina gida ko ba na gida. Kiran bautar ƙasa zai zo, ban san jihar da za a tura ni ba.

A koya wa Hajara da Mamman yadda ake jin bugun zuciya a wuya, da yadda ake danna ƙirjin yaro idan numfashi ya tsaya. Daga bakin ma'aikacin asibiti za su karɓa, daga bakina ba sa karɓa.

Kuma a gaya wa ma'aikata baƙi, idan uwa ta ce ɗanta ya yi kwana, su tambaye ta wane iri. Ba na zaton Balkisu kaɗai ce a bakin kogin nan.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Tun muna yara, da aka kafa shari'a a jiharmu, muke jin wa'azin amana a masallaci da rediyo. Amanar da na sani yau ita ce wadda ke ƙarƙashin ƙyallen nan.

Abu na ƙarshe. Tun daga wannan rana Hajara ta daina barin yarinyar ta yi barci cikin natsuwa. Da ta lumshe ido sai ta girgiza ta, ta tashi tana kuka, ɓarin jikin bai dawo ba, don an katse mata maganinta. Ni na sa mata wannan tsoro, kuma ban san yadda zan cire shi ba, don ni ma yana jikina. Jiya da la'asar Balkisu ta yi luf a cinyarta. Hajara ta ɗaga hannu za ta girgiza ta, sai ta tsaya, ta dube ni ta ce, “Nasiru, kai ka yi karatu. Wanga kwana wane iri na?” Na durƙusa na ɗora kunnena, na ce ina jin mai kyau ne. “Ina jin” kawai na iya cewa.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya raya maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a kan ɗanka yana barci kana tsoron taɓa shi. Allah ya sa Balkisu tana da sauran kwana a gaba.

Wassalam.

Nasiru, baffan Balkisu,
daga gundumar Kaoje.