Tattabaruna da Rufin Bene

Litinin, 3 ga Maris
Yau Mai Fayil ya hawo har hawa na huɗu yana haki. Shi ne shugaban kwamitin masu gidaje a benen nan, kullum da fayil a hammata kamar da shi aka haife shi. Wai in kwashe tattabaruna daga kan rufi, rufi na kowa ne. Na kowa! Ƙarfina ya ƙare a kan sitiyarin babbar mota kafin in sayi gidan nan, kuma na zaɓi na can sama ne don kada wani ya taka min kai. A gidan da na tashi, mai ɗaki shi ke da saman ɗakinsa. Na ce masa ya gai da gida.

Laraba, 5 ga Maris
Malamar asibiti ta hawa na uku ta zo da zanen gado a hannu, kashin tattabara ya yi masa ado. "Baba, dubi fa." Na duba. Na ce ta riƙa shanya a barandarta mana. Kunya ta ɗan kama ni, amma ban bari ta gani ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na sa wa ƙofar rufi kwaɗo. Mabuɗi ɗaya ne, yana aljihuna. Sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Talata, 11 ga Maris
'Yan kwamiti sun kawo min jami'i daga ofishin tsara gari, sa'an autana. Wai abin da na saya daga bango zuwa bango ne, daga daɓe zuwa silin. Matakala, rufi, tankin ruwa, duk na tarayya. Kuma unguwar ta zaman mutane ce, ba a kiwo. Na tambaye shi ko tattabara akuya ce. Ya danne dariya, ya ba ni wata guda in kwashe. Na ce a gabansu duka, su rubuta su ajiye, rufin nan nawa ne ni kaɗai.

Da suka sauka na hau na zauna gaban akurki. Tun rasuwar uwar yara, nan ne kawai nake magana ba a ce min "Baba, ka huta." Wannan kuwa ba zai shiga fayil ɗin kowa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Zan je duba jikana, ba shi da lafiya. Na cika wa tattabaru hatsi da ruwa, na kulle rufi. 'Yata a waya wai in bar wa maƙwabta mabuɗin. Ban haife ta don ta zama lauyar kwamiti ba.

Litinin, 17 ga Maris
Innalillahi.

Tun daga matakala na ji takalmina yana caɓa. Ashe abin da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika ne ya lalace ranar Asabar, ruwa ya yini yana ambaliya. Magudanar rufi kuwa ta toshe da gashin tattabara da ciyawar sheƙa. Laifina kenan, ba sai an gaya min ba. Maƙwabta sun yi ta kiran wayata tana kashe, ga ƙofar rufi da kwaɗo. Sai da mai walda na hawa na ɗaya ya zo ya yanke shi.

Na buɗe gidana, silin ɗakin kwana ya rufto a kan gado. Katifa ta sha ta ƙoshi. Akwatin kayan marigayiya ne kaɗai ya tsira don yana kan kabad.

'Yan shila kuma na same su a kwali a bushe, an shimfiɗa musu tsumma. Malamar asibiti ce ta tsame su daga ruwa. Ita da na kora da zanenta. Bangon ɗakinta ma ya jiƙe, ba ta ce min kanzil ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 18 ga Maris
Magini ya ce sai an sake dalaye rufin gaba ɗaya, aikin da ya fi ƙarfin fanshona nesa ba kusa ba. Na sauka wurin Mai Fayil, na ce kwamiti ya gyara. Ya gyara zaman tabarau.

"Baba, ai rufinka ne kai kaɗai. Ka ce mu rubuta, mun rubuta."

Baki shi ke yanka wuya. Na juya ban yi sallama ba. A falo nake kwana yanzu, a kan tabarma.

Asabar, 22 ga Maris
An yi taro a wurin ajiye motoci. Kowa ya zuba min ido. Na miƙe na ce rufi na kowa ne. Wani daga baya ya ce bai ji ba, na ce ya je a wanke masa kunne. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

An yanke: asusun bene zai gyara rufi, akurki kuma zai tashi. Malamar ta ɗaga hannu a duka biyun. Ban ga laifinta ba, amma ban ce na yafe wa kowa ba.

Asabar, 29 ga Maris
Na kai tattabarun gonar ƙanena a bayan gari. Akurkin da hannuna na kwance, ban yarda wani ya taɓa ko ƙusa ba. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Na hau da safe ganin aikin magina. Sai ga su jere a kan tanki, kusan rabinsu, har da wata fara mai ɗingishi. Sun baro gonar, suna leƙen inda akurki yake a da. Na zauna a kan bulo.

Ana haka sai ga Mai Fayil. Na ce masa tun kafin ya buɗe baki, ban kira su ba, ban zuba musu komai ba, in kamawa ne ya kama da kansa. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce doka ta hana kiwo ne, shi bai ga inda ta hana tsuntsu sauka ba. Ya ce a dai riƙa share magudana.

Ban yi masa godiya ba. Na dai matsa masa a kan bulon ya zauna, tunda hawan yana ba shi wuya.

Da yamma na share rufin kaf, har ƙarƙashin igiyar shanyar mata. Ba don kowa ba. Datti ne ba na so.