Gambar Iyaka

Litinin, 13 ga Satumba, 1965

Kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa biyu, ko tsayuwa sai an riƙe shi. Gero ya nuna, gyaɗa na jira. Saura sati uku a koma jami'a, shekarata ta ƙarshe. Kaf zuriyarmu ba wanda ya kai nan, amma wa zai yi girbi? Na rubuta takardar barin karatu, tana aljihu.

Alhamis, 16 ga Satumba

Malam Buba, maƙwabcin gonarmu, ya zo duba Baba. Mutumin da suka shekara bakwai ba sa ga-maciji a kan iyaka! Wai zai kira gayya, ni in koma Zariya. Ruwa ba ya tsami banza. Ina can, Baba na kwance, wa zai hana shi ture iyaka?

Juma'a, 17 ga Satumba

Na ƙirga gindin gambar da ke kan iyakarmu. Arba'in da ɗaya.

Asabar, 25 ga Satumba

Gayya. Majiya ƙarfi goma sha tara, har da makaɗi. Buba da kansa ya zaɓi gefen iyaka. Ka gani ko! Na bi bayansa da magirbi, taku da taku. Ya waigo ya ce, "Maitama, gero kake girba ko ni kake gadi?" Na ji kunya, amma ban matsa ba.

Lahadi, 26 ga Satumba

Arba'in da ɗaya. Tukuna dai. Lokacin dawa yake jira.

Laraba, 29 ga Satumba

Na kasa haƙuri, na ce, "Baba Buba, kai mece ce ribarka?" Ya nuna ɗansa Abdussamad yana ɗaurin dami. "Shekarar da na kwanta ciwo na cire shi daga makarantar midil. Har yau bai tayar mini da maganar ba. Da ma zagina ya yi."

Gaskiya ne, ajinmu ɗaya, shi ke koya mini lissafi. Amma tsoho da wayo...

Litinin, 4 ga Oktoba

Tashar Funtuwa, ina jiran motar Zariya. Takardar barin karatun nan, ƙuliƙuli na ƙunshe a ciki. Abdussamad ne ya kai mini akwati bakin titi a kekensa. Da za mu rabu ya ce, "Ka karanta har da nawa." 

Sai yanzu na tuna, da safe na bi ta gona ban ƙirga gamba ba. Sauri nake yi, ina ji.