Makullin Motar Khethang

Ha Rantsho, 9 ga Yuni

Zuwa ga mijina, sanyin idona, Khethang,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ƙurar ramin zinariya na ƙetaren iyaka ba ta dawo maka da tarin nan ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Ruwan bokiti kan zama dutse kafin gari ya waye.

Wasiƙarka ta iso. Sau uku na karanta ina neman inda ka ce ka yi kewata, sai na tarar da layi biyu kan tumaki, layi huɗu kan makullin mota. Wai in miƙa wa yayanka Lebona, don mace ba ta iya riƙon mota a lokacin sanyi. Ba zan miƙa ba.

Na san wadda ta kai ƙarata. 'M'e, mahaifiyarka, ta fito da safe ta ga injin motar lulluɓe da bargon aurena, ta dafe ƙirji. "Bargon da muka yafa miki ranar da kika shigo gidan nan, shi kika ba ƙarfe?" Na ce, "'M'e, ni ina da murhu, shi ba shi da kowa." Ko murmushi ba ta yi ba.

Ka manta da motar Lebona? Ruwan rafi zalla ya ɗura a lagireto, ya daskare ya fasa injin. Yau kaji ke ƙwai a kujerar direba. Shi za ka ba tamu?

Makon da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, littattafan soyayyata suka ƙare, sai na ɗauko littafin da ya zo da motar na karance shi tas. Ba saurayi a ciki, ba hawaye, amma bai yi min ƙarya ba. Yanzu na iya haɗa ruwa da maganin hana daskarewa rabi da rabi, na iya duba baƙin mai da iskar taya. Kai ka koya min tuƙi a filin ƙwallo kana ta dariya. Ashe wasa ka ɗauke shi?

Taka mai kewarka,
Nthatisi

Ha Rantsho, 27 ga Yuni

Khethang nawa,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan ɗakinka. Ya ƙirjin? Ka riƙa shan maganin.

Lebona bai jira amsarka ba. Ranar Talata ya cire makulli daga ƙusa, 'M'e na tsaye. Ya murɗa, ya murɗa, motar ko tari ba ta yi ba. Ina za ta yi, batir yana ƙarƙashin gadonmu? Tun da sanyi ya tsananta nake shigo da shi ɗaki, don kada ya mutu a waje. Da ya rasa abin yi sai ya ɗauko tafasasshen ruwa zai watsa wa gilashin gaba, wai ya narkar da ƙanƙara. Na sha gabansa. "Abuti, yayana, gara ka zuba a kaina, ni ba zan tsage ba." Ya ce, "Malamar littafi, yau kuma bakanike aka zama?" Na ce, "Tambayi kajinka." Ya jefar da makullin a ƙasa. Na ɗauka na rataye a wuyana.

Akwai abin da nake so ka ji daga bakina kafin Lebona ya gaya maka. Jiya na kwashi matan ƙauye zuwa injin niƙa. A kwanar gada akwai ƙanƙarar nan da ba a gani, hanya ta yi kamar an jiƙa ta kawai. Motar ta zame, na tsorata na danne birki, abin da na san bai kamata ba. Muka juya muka sumbaci dutse. Fitilar hagu ta fashe, ba wadda ta ji ciwo. Na yi kuka sosai, irin na 'yan matan littattafaina, amma ba wani mai doki da ya ɓullo. Ni na tuƙo mu gida.

Laifina ne, kuma ba zan sake ba. Makulli dai yana nan.

Matarka,
Nthatisi

Butha-Buthe, 15 ga Yuli

Zuwa ga Khethang,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, duba saman takardar nan ka ga daga inda nake rubutowa.

Ka ce in zaɓa, ko makulli a hannun Lebona, ko in koma gidan ubana. To, ga ni a gidan ubana.

Ban fita da asuba ina sharar hawaye ba. Na jira rana ta ɗaga ta taɓa hanya. Na ɗaura wa tayoyin motar na baya sarƙa, na aza buhunan masara biyu a baya don ta yi nauyi, na ɗauki shebur da abin ci. Gangaren Moteng a giya ta biyu na sauko shi, ina ce wa motar ki yi haƙuri. Na wuce wata babbar mota kwance a rami, direban na shan wuta a gefe. Ya bi ni da kallo baki buɗe.

Ntate, babana, ya fito da sandarsa, ya zagaye motar sau biyu. "Uwarki da ta yi min yaji, da ƙunshin zane ɗaya ta tafi. Ke wa ya rene ki?" Ya duba fitilar, ya ce akwai mai gyara a kasuwa. An gyara.

Ina sonka, Khethang, har ina jin haushin kaina. Kullum idona na kan hanya. Amma ba zan zauna a gidan da za a karɓe min abin da na iya don na yi kuskure ɗaya ba.

Ranar da za ka zo biko, ka rubuto min. Kada ka hau motar haya daga kan iyaka, ka tsaya a bakin ƙofa da jakarka. Zan zo in ɗauke ka. Kujerar gefen direba na goge maka ita.

Matarka har yanzu,
Nthatisi