Auta Ta Hana a Yi Mata Hanya

Zuwa ga Injiniya, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya aiki, yaya kuma gwiwar nan da kake ɓoye mini ciwonta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na rubuto na ba direbanku ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ga layin wurin naku da ba ya yankewa sai na fara rinjayar ka a gardama.

Maganar Auta ce. Makarantarsu ta ce kowane ɗalibi ya nemo wa kansa inda zai yi watannin koyon aiki, wanda bai samu ba kafin ƙarshen watan nan sai baɗi, 'yan ajinsu su wuce su bar shi. Har yau ba ta samu ba. Kullum da safe takan goge rigarta ta fita da jakar takardu, ta dawo da la'asar tana ɗingishi, takalmi ya ci mata ƙafa. Ko ofis ba ta kaiwa. Da ta ce wa maigadi tana neman aiki, sai ya ce ba aiki, ya ja ƙofa. Ta yi ta bayani cewa ba albashi take so ba, koyo ta zo yi, amma kunnensa ya riga ya tsaya a kan kalmar farko.

Na san abin da za ka ce, ka kira abokinka na kamfanin wuta a wuce wurin. To ta ce in ka kira kowa, ba za ta taka wurin ba. Wai ta gaji da zama 'yar Injiniya. In ta ci jarrabawa a ce ai gado ne, in ta faɗi a ce kash, 'yar Injiniya guda! Kada ka tambaye ni inda ta samo taurin kan nan, akwai madubi a ɗakinka.

Ni dai tsoro nake ji, ba na son ta rasa shekara. Amma don Allah ka bar wayarka a aljihu tukuna. Yayyenta suna gaishe ka.

Taka,
'Yar Mai Naɗi

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, fushin kuma ya sauka. Na ga amsarka, har alƙalami ya huda takarda wajen da ka rubuta cewa in makon nan ya ƙare ba labari, za ka kira ko ta so ko ta ƙi.

Shekaranjiya na bi ta layin tsohon shagon Baba, inda yake naɗin fanka. Yanzu rigunan wayar hannu ake sayarwa a ciki, an shafe bangon da farin fenti, an sa fitilu masu ƙyalli. Na tsaya a bakin ƙofa har mai shagon ya tambaye ni wace iri nake so. Ni kuwa hancina yana neman warin ƙonanniyar wayar wuta ne, idona yana neman dogon bencin nan da mai ya baƙanta, da fankokin mutane rataye a rufi kamar jemagu, da Baba, Allah ya jiƙansa, zaune da tabarau a kan hanci yana naɗa jar waya yana motsa baki.

Ka tuna ranar da ka zo? Na kawo wa Baba abincin rana, na same ka tsaye a ƙofa cikin rigar aro, hannuwanta sun rufe maka yatsu. Ka yi sallama, murya tana rawa. Baba bai ɗago ba, ya ɗauka gyara ka kawo, ya ce ina fankar. Ka daburce, duk jawabin da ka haddace ya gudu, sai ka ce, "Ba fanka na kawo ba, Baba, hannu na kawo." Baba ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "To ajiye shi nan," ya nuna maka bakin wayar da yake so a riƙe. Ni kuwa na ruga bayan shago ina dariya har miya ta zube mini a zane. Ban san ranar nan na ga mijina ba, da na rage dariyar.

Da na dawo gida na ba Auta labarin, don ban taɓa ba ta ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe kai ma ka taɓa rawar murya. Ta ce amma wancan zamani ne da shago ba shi da maigadi. Daga nan ta daɗe tana juya cokali a kofi.

Jiya ta fita ba jakar takardu, sanye da tsohuwar rigar aikinta ta makaranta. Ban tambaye ta ina za ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ka dai ƙara mata haƙuri. Kai ma ba wanda ya yi maka hanya, ka zo da ƙafarka ne da rigar wani.

Ka riƙa shafa maganin gwiwar. Ina kewarka ƙwarai.

Taka,
'Yar Mai Naɗi

Zuwa ga Injiniya, maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri, kai da abokan aikinka. Zauna kafin ka karanta. Auta ta samu wuri!

Ashe daina bin ƙofofin kamfanoni ta yi, ta koma bin inda ake aikin. Ta ga motar masu gyaran lif, na'urar nan mai hawa da mutane bene, a gaban wani dogon bene, ta nemi izini ta hau matakala har ɗakin injin da ke can sama. Ta tarar da mutum uku sun buɗe injin suna gumi. Ta yi sallama ta tsaya gefe, can ta tambayi me ya sa injin yake zafi haka. Shugabansu, wani mai furfura da suke kira Oga, ya harare ta, sannan ya miƙa mata tocila ya ce in tambaya take so ta haska nan tukuna. Ta haska har hannunta ya sage. Da za su tashi ya ce in ta ga dama ta dawo gobe. Ta dawo goben, ta dawo jibi, jiya kuma ya sa hannu a takardar makaranta.

Na san ba irin wurin da ka so mata ba ne. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne da kujerun roba, motar ma sai an tura. Amma da ka ga yadda ta shigo jiya, farce duk baƙin mai, tana cin abinci tana ba ni labarin birki da igiyar ƙarfe har barci ya sace ta a kan kujera, da ba ka ce komai ba.

Yau da safe na tafka abin kunya. Mota ta tsaya a ƙofa, wani ya leƙo ya gaishe ni ya ce, "Mama, Me-ya-sa ta shirya?" Na ce me ya sa me? Ya ce Me-ya-sa dai, ta gidan nan. Na ce masa ba mai wannan suna a nan, su gwada gidan gaba. Har direban ya fara juyawa, sai ga 'yarka ta fito da gudu, takalmi a hannu, tana cewa, "Na'am! Ga ni!" Ta wuce ni kamar ba ni na haife ta ba. Wai saboda yawan tambayarta suka sa mata sunan.

Na koma ciki na zauna, gidan shiru, na yi kukana ni kaɗai. Daɗi ne ya sa ni, da kuma wani abu da ban san sunansa ba.

Na san kana gama karantawa za ka nemi lambar Ogan don ka yi masa godiya. Ba zan ba ka ba, kada ma ka wahalar da direba. A can ba wanda ya san 'yar waye ce. Mu mun raɗa mata suna tana cikin zanen goyo, wannan kuwa ita ta hau bene da ƙafarta ta samo abinta. Ka bar mata shi.

Sai ka dawo. Allah ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
'Yar Mai Naɗi