Rauta Biyu, Lamba Ɗaya

Kibiya, Litinin

Yaya Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti Ramlatu da yara. Takarda na rubuto na ba Malam Shitu direba, tunda ka daina ɗaga wayata.

Baba ya kira ni jiya. Ashe ce masa ka yi ni ce na kasa haɗa kwamfutocin ofishin Kibiya da na Rano? Wallahi raina ya ɓaci. Ya ce in ruwan shuka ya sauka ba a haɗa ba, zai rufe shagon nan, in dawo Rano in zauna a ƙarƙashinka. Shagon da na fara da tebur ɗaya da 'yan buhunan iri!

VPN ɗin da zai haɗa mu ta intanet ya hau, fitilar rautata, na'urar da ke raba mana intanet, kore shar. Amma kwamfutata ta kasa kaiwa ga sabar da ke ofishinka, babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kayanmu. Manoman Tarai sun cika min benci suna neman irin masara da taki, ni kuwa ba na ganin abin da ke sito, balle in sa a ware musu. Wani dattijo har cewa ya yi, "Hajiya, in babu ki ce babu, mu yi gaba." Don Allah ka duba ɓangarenka.

Ƙanwarka,
Mas'uda

Rano, Laraba

Zuwa ga Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma karanta ta duk da zafinta. Mutanen gida suna amsawa.

Ina mai sanar da ke cewa ɓangarena lafiya lau yake. Duk kwamfutocin Rano suna ganin sabar. Kuma ban ce wa Baba kin kasa ba. Ce masa na yi matsalar tana Kibiya, ke ce kuwa a Kibiya. Ki kashe rautar ki kunna, ki duba ko data ce ta ƙare.

Batun waya, na daina ɗagawa ne saboda ba kya bari in sa baki.

Wassalam,
Tajuddeen Ramalan

Kibiya, Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Data? Ni za ka tambaya ko data ta ƙare? Tare fa muka yi karatun kwamfutar nan.

Na sa kwamfutata ta nuna min hanyar da saƙo yake bi in ya tashi neman sabarka a 192.168.1.10. Ka san wa ya amsa? Firintata, wadda ke nan kusa da gwiwata, ashe ita ma lambarta ke nan. Saƙon ko ƙofar shago ba ya fita. Rautarka da tawa lamba ɗaya suke rabawa, duk 192.168.1. Ɗan aike ba zai hau mota zuwa Rano ba alhali yana ganin lambar gidan a layinsu.

Na kira Adnan, wanda ya ɗaura mana rautocin. Ya ce Baba ne ya tsaya a kansa ya ce, "Yadda ka yi wa wannan haka za ka yi wa waccan, kada ka bambanta min 'ya'ya ko da ɗigo." Shi kuma ya ji nauyin yi wa dattijo musu. Ka dai san Baba. Tun muna yara yadi ɗaya yake yanka mana na Sallah, har da shekarar da ka je Idi da furanni a riga.

Dole ɗayanmu ya koma 192.168.2. Kai za ka koma, don kai ka ɓata min suna.

Mas'uda

Rano, Lahadi

Mas'uda,

Bayan sallama. Na duba, bayaninki daidai ne. Amma Rano ta koma ta biyu? Sabar tana nan, sito yana nan, kuma na girme ki. Ke kwamfuta nawa gare ki? Aikin da za ki gama kafin shayi ya huce, ni sai na kwance ofis gaba ɗaya. Wannan ba gyara kike nema ba, ramuwa ce.

Na kai maganar gaban Baba. Ya ce shi bai taɓa kiran ɗayanmu na biyu ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Mu sasanta tsakaninmu. Amma batun rufewa yana nan, na ga har sabon kwaɗo ya saya.

Tajuddeen

Kibiya, Talata

Yaya,

Gaisuwa. Hadari ya haɗu ta gabas tun safe, benci kuma ya fara raguwa. Na mayar da Kibiya 192.168.2. Ba don ka fi ni gaskiya ba, shagona nake so. Da ɗaci na yi, ka sani. Saura ka nuna wa rautarka hanyar zuwa sabuwar lambar. Malam Shitu zai kawo maka wannan in ya sauke kaya.

Mas'uda

Rano, Talata

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Kwaɗon nan ya hana ni sukuni. Bai kamata in kai sunanki gaban Baba ban duba ba, na kuma faɗa masa haka. Yau na rufe ofis, na mayar da Rano 192.168.2, da sabar da komai. Ki zauna a ɗayarki. Malam Shitu bai iso ba tukuna, shi ya sa na ba wani mai babur wannan don ta riske ki da wuri.

Yayanki,
Tajuddeen

Kibiya, Laraba

Yaya,

Sallama. Wa ya aike ka? Yanzu ga mu duk a biyu, firintata ta sake amsawa! An fara yayyafi, Baba kuma ya ce gobe yana tafe.

Na gode, har na yi hawaye. Amma ka koma ɗayarka yanzun nan. Biyu tawa ce, ni na riga ka. Kuma ka ɗaga wayata.

Ƙanwarka,
Mas'uda